Tuwon Shinkafa da Daddawar Japanawa: Abin da Na Gani a Kasuwa da Kicin na Tokyo

Karen da ke zagaya jakunkunan matafiya a filin jirgin Narita ɗan ƙarami ne, mai faɗin kunne, sanye da 'yar riga, ka rantse na wasan yara ne. Nama yake nema. Japan ba ta barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shigo da nama ko abin da aka yi da nama, ɗanye ko busasshe, kuma kilishi da dambun nama duk suna ciki, komai kyan ɗaurin da aka yi musu. Tun 2020 hukuncin ɓoye shi ya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Kayan tsiro irin su kuka da busasshiyar kuɓewa suna da nasu teburin binciken, gara ka nuna da kanka su yanke hukunci. Da wannan na fara don na san guzurin da dangi ke fara haɗa wa mai tafiya kilishi ne.

Sha'anin takardu ba shi da tsawo. A filin jirgi ake ba mai dogon zama katin zama, kuma doka ce ya riƙa yawo da shi. Cikin kwana 14 da samun gida sai ka je ofishin gunduma a rubuta adireshinka a bayan katin, a nan kuma za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ke sa ka biya kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti. Kuɗin kama gida ne ke tsorata baƙo: akwai shikikin, ajiya ce da ake mayar da ragowarta ranar tashi, akwai reikin, kuɗin godiya ga mai gida wanda ba ya dawowa, ga ladan dillali, ga kuɗin kamfanin da zai tsaya maka. Girman ɗaki da tabarma suke auna shi. Idan an ce ɗaki mai tatami shida, ka ɗauka murabba'in mita 10 ne ko ƙasa kaɗan, nan za ka kwana, nan za ka ci, nan za ka yi salla. Ita ma sallar sai an sake saiti, domin bakinmu ya saba da cewa "fuskanci gabas", a Tokyo kuwa alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa.

Kicin ɗin bai fi taku biyu ba. Murhun gas mai kai biyu, a ƙarƙashinsa wata 'yar aljihu ta gasa kifi, shi ke nan. Kafin ka sayi murhu na hannu ka tambayi irin gas ɗin gidan, domin iri biyu ne, na bututun gari da na tukunya, kuma murhun ɗaya ba ya aiki da ɗayan. Haɗa su ba daidai ba yana kawo wuta mai hayaƙi mai guba. Wutar lantarkinsu bolt 100 ce, tamu ta gida 230, saboda haka injin markaɗen da ka sha wahalar ɗaukowa zai yi ta gurnani ba ƙarfi. A bar shi a gida.

Makarantar farko ta cin abinci ita ce konbini, ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana, irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, sun haura 50,000 a faɗin ƙasar. Komai a tsaftace, komai da kyan gani, amma musulmi ba gaban leda yake duba ba, bayanta yake karantawa. Harafin da ya kamata ido ya fara haddacewa shi ne 豚, wato alade, ana furta shi buta (sunan ya ba ni dariya, ganin abin da buta take a wurinmu). Bayan shi sai ポーク da ラード, wato alade da kitsensa a rubutun da suke yi wa kalmomin aro, sai ゼラチン, sinadarin da ke daskarar da alawa da wasu nau'in yogot, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Na giya kuma 酒 da みりん, wato mirin. Shi mirin ruwan zaƙi ne da ake yi da shinkafa, na ainihi yana da giya wajen kashi 14 cikin 100, kuma a girkinsu kamar magi yake a namu: a miyar taliya, a romon kifi, a kaza gasasshiya, har a ƙwai soyayye.

Wani tarko yana ƙarshen jerin kayan haɗin, inda ake lissafa abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa. Ƙwai, madara, alkama, gyaɗa da jatan lande dole ne a rubuta su. Alade kuwa yana cikin waɗanda gwamnati ta ba da shawara kawai a rubuta, ba tilas ba. Rashin ganinsa a wannan layin ba hujja ba ce, sai an bi jerin tun daga farko. Ta haka za ka gane cewa dunƙulen miyar kori na kanti galibi da kitsen alade ko na sa aka haɗa shi, soyayyen dankalin leda mai ɗanɗanon romo yana iya ɗauke da ruwan naman alade, burodi kuma yakan zo da wani mai da ba a faɗi asalinsa ba. Batun shoyu, baƙin ruwan waken soya, da miso, markaɗaɗɗen waken da aka tsima, ya fi wannan laushi: tsimin da kansa yana haifar da 'yar giya kaɗan, wasu kamfanoni kuma suna ƙara wata don kada ya lalace, sukan rubuta 酒精 ko アルコール. Musulmin Japan sun rabu a kai, kowa da malaminsa. Ni dai ina sayen wanda kayan haɗinsa wake ne da alkama da gishiri kawai, akwai kuma mai tambarin halal a kantunan musulmi.

Abin da ya fi aminci a konbini shi ne onigiri mai gishiri zalla, curin shinkafa ne kamar ɗan malmala, sai dafaffen ƙwai, ayaba, madara da gyaɗa. Onigiri mai kusurwa uku yana da lambobi a ledarsa: ka ja 1 daga sama har ta zagaye, ka zare 2 ta dama, sannan 3 ta hagu. An raba busasshen ganyen teku da shinkafar ne don kada ya jiƙe, wanda ya yaga ledar da gaggawa zai tashi da ganye a hannu ɗaya, shinkafa tsirara a ɗayan.

Amma ba a rayuwa da onigiri. Ranar da mutum ya sayi buhun shinkafa ya shiga kicin, ranar zamansa ke daidaita, kuma a nan ne na ga kicin ɗin Japanawa ya fi kusa da namu fiye da yadda ake zato.

Shinkafarsu gajera ce, mai ƙiba, mai danƙo. Mudunsu sunansa go, mililita 180 ne, wajen giram 150, kuma shi ne kofin da ke zuwa da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa. A yadda suke dafa ta, ruwan farko da ka zuba ka zubar da shi nan take, domin busasshiyar ƙwaya tana zuƙe ruwan da ta fara haɗuwa da shi tare da warin dusa. Ka sake wankewa sau uku a hankali ba tare da murza ba, ka jiƙa minti 30, da sanyi kuwa awa ɗaya, ka sa ruwa kofi ɗaya da ɗan ɗori ga kowane kofi. Ba gishiri, ba mai. In ta nuna a bar ta a rufe minti 10 kafin a juya. Buhun da aka rubuta 無洗米 an riga an goge shi, ba ya son wanki. Farashi ya yi tashin gwauron zabo tun 2024, har buhun kilo 5 ya haura yen 4,000 a 2025, gwamnati ta fito da shinkafar da take ajiyewa a rumbu don ta karya farashin. Ga mutanen da ba su saba da hawan farashi ba, maganar ta cika gari.

Dafa-duka da wannan shinkafa ɓarna ce. Tana sakin danƙo da zarar an juya ta, kafin tumatir ya kama jikinta ta caɓe. Don dafa-duka ko shinkafa da wake a nemi basmati ko doguwar shinkafar Tailan a kantunan musulmi. To amma abin da ya zama aibi a can shi ne alheri a tuwo. Kofi biyu, ruwa wajen mililita 750, wuta kaɗan-kaɗan na minti 25 zuwa 30, sannan a tuƙa da muciya. Ba sai an yi rude ba, ba sai an ɗaure da gari ba, da kansa yake haɗuwa, sumul, kuma yana kwana bai saki ruwa ba. Abin kiyayewa ɗaya ne: kada a yi kuskuren ɗauko もち米, shinkafar da suke kirɓawa su yi wani curi mai danƙo da suke kira mochi. Tuwonta kamar ƙaro yake, ba ya gutsuruwa, kuma shi mochin kansa duk sabuwar shekara sai hukumomi sun yi gargaɗi saboda yadda yake shaƙe tsofaffi.

Miya fa? Japanawa mutanen yauƙi ne, har suna da kalmarsa, neba-neba, kuma suna ganin abinci mai yauƙi yana ƙara ƙarfi lokacin zafi. Kuɓewa okura suke ce mata, ana sayar da ita a 'yar raga, guda takwas zuwa goma, ƙanana, an jera su kamar 'yan makaranta. Miyar mutum biyu tana cin raga uku. Dabarar da na koya a wurinsu ita ce a barbaɗa mata gishiri a mirgina a kan katako, ƙaiƙayin bayanta ya fita, launinta ya ƙara kore. Kanwa babu, sai garin soda na girki da suke kira juso, kuma ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa. Ya wuce haka miya ta yi ɗaci ta koma ruwan ƙasa. Da damina kuma lalo yana fitowa da sunan moroheiya, sunan da ya biyo shi daga Masar. Ganyen kasuwa lafiya lau yake, amma masu shuka shi a tukunya ana gargaɗinsu kada su ci 'ya'yan da kwanson, suna da guba.

Sai natto, abin da ake tsoratar da kowane baƙo da shi. Waken soya ne da aka dafa aka tsima, yana zuwa a farin akushin roba uku a ɗaure, kowanne giram 40 zuwa 50, kuma yana cikin mafi arahar abinci a ƙasar. Ka ɗaga murfi, ka zare 'yar ledar da ke samansa, zare ya biyo ta kamar saƙar gizo-gizo, sai wari ya bugi hancinka. Bature yakan ja da baya. Bahaushe kuwa tsayawa zai yi, domin warin daddawa ne. Ba kama ce kawai ba: ƙwayar halittar da ke tsima kalwa ta zama daddawa ita ce ke tsima natto, kuma mu ma ai muna yin daddawar waken soya. Bambancin shi ne mu muna shanya tamu mu jefa a miya, su kuma a jiƙe suke cin tasu da safe. Sukan juya shi da tsinke sau hamsin ko fiye har ya yi farar kumfa, su ɗiga shoyu, su yanka ganyen albasa, su juye a kan shinkafa mai zafi. 'Yar jakar miyar da ke cikin akushin a duba ta, sau da yawa da mirin ko giya, wake kuwa wake ne kawai.

Hanya biyu nake sa shi a miya. In yauƙi nake so, akushi ɗaya nake dakawa sama-sama in zuba a miyar kuɓewa ana saura minti biyu a sauke, domin dogon tafasa yana tsinka yauƙin. In ƙamshin daddawa nake so a miyar taushe ko ta ganye, sai in baza akushi uku a kasko ba mai, a wuta mafi ƙanƙanta, ina juyawa minti 15 zuwa 20 har zaren ya mutu, waken ya yi duhu. Ɗanɗanonsa bai kai zurfin na kalwa ba, gaskiya, sai an ninka yawa. Kuma a kunna fankar zuƙar hayaƙi tun kafin a fara, a kwashe shanya, bangon gidajen haya siriri ne kuma maƙwabci ba zai yi maka magana ba, kamfanin da ke kula da gidan zai kai wa ƙara.

Romon miyar ma a wurinsu na samo. Dashi suke ce masa: giram 10 na kombu, wani busasshen ganyen teku mai kauri, a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa minti 30, a ɗora a wuta, a tsame ganyen da zarar ƙananan kumfa sun fara tasowa. In ya tafasa a ciki, romon yakan yi santsi da ɗaci. Sai a zuba giram 20 na katsuobushi, bandar kifi ce da aka busar ta yi tauri kamar itace aka fere ta sirara, a kashe wuta, a jira minti biyu, a tace ba tare da matsewa ba. Yana maye gurbin bandar kifi a miyar kuɓewa sosai. Daga wannan kombu ne wani masanin sinadarai, Ikeda Kikunae, ya gano sinadarin ɗanɗano a 1908, a shekarar da ta biyo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matan Arewa ke kira farin magi. Riɗin da suke barbaɗawa a kusan komai ma kusan dukkansa daga waje suke sayowa, kuma Najeriya tana cikin manyan masu kai musu.

Doya ce ta ci amanata. Nagaimo doguwa ce fara, ido zai ce sakwara ta samu, amma ruwa ce zalla. Su gurza ta suke yi ɗanya ta zama farin yauƙi su zuba a shinkafa ko taliya. Tana sa hannu ƙaiƙayi, ruwan tsami kaɗan a ruwan wanke hannu yana kwantar da shi. Gwaza dai akwai, satoimo, kabewarsu kuma mai gari ce da zaƙi, tana yin taushe mai kauri.

Nama sai an yi tattaki. Kantunan Gyomu Super suna sayar da daskararriyar kazar Brazil a leda mai kilo 2, da yawa da tambarin halal, amma a duba kowace leda, ba duka ba ne. Rago da akuya da kayan yaji da barkono mai zafi na gaske suna Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku a layin jirgin ƙasa na Yamanote, a wani lungu da kantunan musulmin kudancin Asiya suka cika. Babban masallacin Tokyo da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi da salon Turkiyya a 2000, shi ma yana da kantin halal a jikinsa, sai mutum ya haɗa Juma'a da cefane. Sauran kwanaki kifi ne gatan mai zama. Saba shi ne titus ɗinmu, amma wanda aka rubuta 塩 an riga an sa masa gishiri, ƙari zai ɓata shi, mai jan ruwan zuma a jiki kuma da mirin aka shanya shi. Daga ƙarfe bakwai ko takwas na dare ma'aikacin babban kanti yakan fito da takardun manne yana rage farashin kifi da dafaffen abinci, 半額 na nufin rabin kuɗi, za ka ga mutane masu kwat suna bin bayansa a natse kamar ba shi suke jira ba.

Cin abinci a waje shi ne inda harshe ke ba da wahala. Ramen, taliyarsu mai romo, kusan duka a ɗauka da alade, ko da romon kaza ne, yankan naman da ke sama na alade ne, sai gidajen da suka rataya shaidar halal. Tambayar "akwai nama?" ba ta wadatar, don wasu ba sa lissafa siririn naman alade mai gishiri ko romonsa a matsayin nama, sai ka ambaci buta da sunansa, ka ambaci kitse, ka ambaci romo. In ma'aikaci ya ja iska ta haƙora ya ce "chotto...", ya bar maganar a rataye, a'a ce ya faɗa, kada ka matsa. Ba a ba da tukuici, bin ka za a yi da canjinka. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ne. Abu biyu ne ba a yi da tsinken cin abinci: soke shi tsaye a shinkafa, da miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun al'adun jana'izarsu ne.

Abin da ya rage bayan an ci shi ne ainihin jarrabawar zama da Japanawa. Kowace gunduma da jadawalin shararta: mai ƙonewa sau biyu a mako galibi, gwangwani da kwalba da gorar roba ranarsu daban, kuma a fitar da safe kafin ƙarfe takwas, ba da dare ba, a rufe da raga saboda hankaki. Gorar roba a cire murfi, a ɓare takardar jikinta, a ɗauraye, a taka. Kwalin madara a wanke, a farke, a shanya. Man suya ba a zuba shi a magudana. Akwai garin da ake zubawa a mai tun yana da zafi, in ya huce ya daskare kamar kitse, a ɗaga shi a sa a shara mai ƙonewa. In ka haɗa abin da bai dace ba, masu kwasa za su manna wa ledar takarda su bar ta a wurin, kuma duk layin sun san ta wane ce. A titi ma kwandon shara sai an dace, an rage su sosai bayan harin iskar guba da aka kai a jirgin ƙasa na Tokyo a 1995, kowa da shararsa yake komawa gida.

Wani abu da ba a gaya wa sabon zuwa: in an yi girgizar ƙasa mai ɗan ƙarfi, mitar gas tana yanke kanta. Murhu zai ƙi kamawa ka zaci lalacewa ya yi. Ka kashe duk kayan gas, ka tabbatar ba wari, ka fita wurin mitar, ka cire 'yar hular maɓallin, ka danna sosai ka saki, ka jira minti uku ba ka taɓa komai ba har jar fitilar ta daina ƙiftawa.

Da sanyi ya shigo, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, sai a fara jin wata 'yar mota tana ratsa lungu a hankali da lasifika, da murhun itace a bayanta. Dankalin Hausa take sayarwa, gasasshe a kan tsakuwa mai zafi, yakiimo. Ka ɓare shi, cikinsa rawaya, ruwan zaƙi yana tsatsowa ta ɓawon har ya manne a takarda, kuma ba abin da aka sa masa, ba sai ka karanta bayan komai ba. Sirrin zaƙin a jinkiri yake: garin dankali yana juyewa sukari ne lokacin da zafin cikinsa ke tsakanin digiri 65 da 75, tsakuwa kuma tana riƙe shi a nan tsawon lokaci. Shi ya sa wanda aka sa a injin ɗumama abinci na minti biyar yake nuna amma ya fito salam. A gida, in an nemi irin da ake kira beni haruka, a wanke, a naɗe da takardar alminiyam, a sa a kasko mai kauri a rufe, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa duk bayan minti 15, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon kaurinsa, sai tsinke ya shige ba tare da turjiya ba.